Bod mai hawa huɗu a gida: zai yiwu ko ɓata kaya ne?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kammala karatu ne, na'urar da za ta riƙa lura da famfon sola na masu noman rani, in ruwa ya tsaya ko batir ya yi ƙasa ta turo wa mai gona saƙo a waya. ESP32 na sa, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar, da SIM800L mai ɗaukar layin waya ya tura saƙo. Bod ɗin, wato allon da ake dasa kayan lantarkin a kai, ni na yi da kaina, mai fuska biyu, da firinta da dutsen guga da ferik kulorayid, sinadarin da ke cinye jan ƙarfe. Komai na tafiya daidai, amma da ta zo tura saƙo sai ta mutu ta sake tashi. Na ji an ce bod mai hawa huɗu, wato mai shimfiɗar jan ƙarfe huɗu, ke maganin irin wannan, don yana da shimfiɗar giraun a ciki, wato hanyar da wuta ke komawa ta kanta. Akwai wanda ya taɓa yin mai hawa huɗu a gida? Lokaci ya ƙure mini, oda kuma ga tsada ga jira.

Oga Mai Fanel: Wa alaikumus salam. Ƙanena, hawa huɗu a gida? Kai dai ka ce kana neman hanyar da za ka ƙarar da kuɗin makarantarka. Ni kullum cikin fanel nake. Fanel ɗin waya, wato bod ɗinta, hawa takwas ne, goma, wani ma ya fi, kuma in layin ciki ya yanke ko mu ba ma iya kai masa, sai dai mu ja jamfa, wato 'yar waya, ta sama in an yi sa'a. Abin da ba a iya gyarawa a shago shi za ka ƙera a ɗaki?

Badauri: Oga, ba fanel ɗin waya ya ce zai yi ba. Na waya da leza ake huda shi, ramukan ko da ido ba ka gani sosai. Shi hawa huɗu kawai yake nema, da manyan layuka. Kada mu kashe wa yaro gwiwa tun bai tashi ba.

Oga Mai Fanel: Ban kashe masa gwiwa ba, aljihunsa nake tausayi.

Baba Mai Rediyo: Salamu alaikum. Yaro, kafin a yi nisa, in tambaye ka. Wane irin waya ka ja daga wutar zuwa wannan abu na layin waya, kuma wace kafasita, abin nan mai tara wuta, ka sa a gindinsa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Baba, layin kan bod ne, faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba, daga regileta yake tahowa ya zagayo ta gefe. Kafasita kuma 100 maikirofarad ce, tana can kusa da regileta.

Baba Mai Rediyo: To. Na ji.

Injiniyan Sola: Baba ya ce "to" ya yi shiru, ni bari in ƙarasa masa. Ɗalibi, ciwonka ba na hawa ba ne. SIM800L in zai yi magana da turken sabis yana fizgar wuta har amfiya 2 a ɗan ƙiftawar ido, kuma yana son wutarsa tsakanin bolt 3.4 da 4.4. Ka ba shi siririn layi mai tsawo, kafasitar kuma tana can nesa. Da ya fizga sai wutar ta faɗi, shi ya mutu, ya ja ESP32 su tafi tare. Ka samo 1000 maikirofarad ka dasa ta daf da ƙafafunsa, ka ƙara 'yar ƙaramar siramik a gefenta, ka kauri layin da dalma ko ka shimfiɗa waya a kansa, ka kuma tabbatar abin da ke ba shi wuta zai iya ba da amfiya biyun. In bai daina ba ka dawo ka zage ni.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Haba Yaya, wane ni. Zan gwada da yamma in an kawo wuta.

Injiniyan Sola: Sannan shi ESP32 ɗin da ka sa ai modul ne, wanda ke da murfin ƙarfe. Duk wahalar rediyon da eriyarsa an riga an gama ta a cikinsa. Kai ɗaukarsa kawai bod ɗinka ke yi. Arduino Uno da duniya ke amfani da shi fuska biyu ne. Ka bar bayan bod ɗinka ya zama jan ƙarfe shimfiɗe na giraun, kada ka yayyanka shi da layuka, ka kuma bar ƙarƙashin eriya babu jan ƙarfe ko kaɗan.

Badauri: Duk na yarda. Amma tambayarsa tana nan ba a amsa ba. A ajiye famfo a gefe. Za a iya ko ba za a iya ba? Don ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne komai sai mun aika China. Ga politeknik a Katsina, ga wata a Daura, ga jami'ar Umaru Musa, ga ta Dutsinma, kowace shekara ana yaye ɗalibai, amma allon da zai ɗauki cif ɗaya mai ƙafafu da yawa sai an jira jirgi.

Malama Mai Lab: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma tunda an zo wajen sinadarai bari in sa baki. Malam Badauri, amsar ita ce rabin aikin zai yiwu, rabin kuma shi ne matsalar, kuma ba rabin da mutane ke zato ba ne.

A masana'anta ga yadda ake yi. Ana ɗaukar allo siriri mai jan ƙarfe a fuska biyu, a zana masa layukan ciki, a cinye sauran da sinadari, kamar dai yadda ɗalibinmu ya yi. Sai a sa masa wani magani da zai sa jan ƙarfen ya yi kaushi ya yi duhu, don gam ya kama shi. Daga nan a shimfiɗa masa firifireg sama da ƙasa, wato ƙyallen zaren gilashi da aka jiƙa da gam na efoksi wanda bai gama nuna ba, a ɗora fallen jan ƙarfe a kowane gefe, a sa a matsi mai zafi. Zafin yana kaiwa wajen digiri 180, matsin kuma kusan kilo 20 a kan kowane santimita murabba'i, sama da awa ɗaya, galibi an zuƙe iskar wurin. Gam ya narke ya cike ko'ina, ya daskare. Allon da ya fito kaurinsa yawanci milimita 1.6 ne, kamar na kullum.

Wannan duk wahala ce, amma wahalar da ƙarfi da dabara ke iya yi.

Badauri: Yawwa! A yi lissafi. Allo santimita 10 da 10, murabba'i 100 ke nan. Sau kilo 20, tan biyu. Jak ɗin mota na kwalba ai yana ɗaga fiye da haka. Faranti biyu na ƙarfe masu kauri, mai walda ya haɗa mana firam, a sa hita irin ta dutsen guga da abin auna zafi. Ina abin yake?

Oga Mai Fanel: A tsakiyar awa ɗayan a ɗauke wuta. Sai ka ɓare shi ka sa a bango ka riƙa kallo.

Badauri: Ba janareta a garinku ne?

Malama Mai Lab: Ku tsaya ban gama ba. Matsin ba shi ne tsoro na ba, kodayake shi kansa firifireg ɗin ba ya son zafi, a wuri mai sanyi da bushewa ake ajiye shi, kuma 'yan watanni ne ƙarkonsa. A kawo shi a ajiye a shago cikin watan Afrilu a Katsina, ya nuna da kansa kafin ka taɓa shi.

Matsalar ita ce rami. Bod mai hawa huɗu bene ne, ramukan su ne matakala. In ka gina bene ba matakala, ɗakunan tsakiya ba su da amfani. Bayan an matse allon ana huda shi, to a bangon ramin nan abin da ya leƙo daga hawan ciki ɗan zobe ne na jan ƙarfe mai kaurin maikiron 35, ko ma 18 a wasu allunan. Maikiron 35 kusan rabin kaurin gashin kai ne. Kuma zafin diril yana narkar da gam ya shafe zoben. Don haka ko ka zura waya ka cika ramin da dalma, dalmar ba za ta kama shi ba. A fuska biyu kana iya zura waya ka yi sodarin sama da ƙasa, shi ke nan. A hawa huɗu bakin ayan ɗin sodarinka ba ya isa ciki.

Masana'anta sukan wanke gam ɗin da famanganet mai zafi, su jiƙa ramin da faladiyam, su sa shi a wani ruwa mai fomalin wanda ke ajiye jan ƙarfe siriri a jikin bangon ba tare da lantarki ba. Sai bayan nan a sa shi a ruwan kofa salfet da asid a ba shi wuta, jan ƙarfen ya taru har maikiron 20 zuwa 25. Shi ne ke haɗa hawa da hawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Malama, fomalin wanda ake sa gawa a ciki a asibiti?

Malama Mai Lab: Shi fa. Kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Ba abin da za a dafa a ɗakin da ake kwana ba ne, balle gida mai yara.

Badauri: Amma Malama akwai masu tsallake wannan matakin. Suna shafa wa ramin tawada mai ɗaukar wuta, ta garin girafayit, irin na bakin fensir, su zuƙe ragowar, su gasa ta bushe, sai su wuce kai tsaye zuwa kofa salfet. Kofa salfet kuma ana samu wajen masu maganin gona, asid ɗin na batir ne.

Malama Mai Lab: Gaskiya ne, ana yi, har a wasu masana'antu ana amfani da kabon a madadin wancan. A fuska biyu ina ganin mai haƙuri zai ci nasara a nan garin. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, in girafayit ya zauna a kan zoben ciki, ya shiga tsakaninsa da sabon jan ƙarfen ke nan, dole a ɗan cinye fuskar zoben don ya ɗaga, kuma sanin iya adadin da za a cinye shi ne gwanintar. Na biyu, wuta ta fi son bakin rami fiye da tsakiyarsa. In ba ka motsa allon gaba da baya a cikin ruwan ba, kuma ba ka riƙe wutar wajen amfiya 2 a kan kowane santimita murabba'i 100 ba, baki zai yi kauri, tsakiya ta zauna siririya. Mitar gwada layi za ta yi maka ƙara ka ce ya haɗu.

Injiniyan Sola: Nan ne wurin da nake so kowa ya ji. Mita za ta yi ƙara yau. A ɗauki na'urar a kai gona a gefen dam ɗin Jibiya ko Zobe, cikin akwatin ƙarfe, rana ta gasa ta wuni guda, dare ya yi sanyin hunturu ya sauko. Allon yana kumbura ta kaurinsa fiye da jan ƙarfe ninki uku ko fiye. Kullum yana jan bangon ramin yana saki. Mai siririn tsakiya zai tsage, kuma irin tsagewar da safe tana aiki, da azahar ta ƙi. Manomi zai kira ka, ka je da yamma ka tarar lafiya lau, ya ce kai maƙaryaci ne, kai ma ka ce shi ne. Ba abin da ke kashe sana'a kamar wannan.

Oga Mai Fanel: Wallahi irinta ce ke sa mu furfura. Wayar da in ka danna fanel ta kawo, in ka saki ta ɗauke.

Baba Mai Rediyo: Ku yara kuna son ku fara daga inda masana'anta ta tsaya. Abin nan fa da rediyo ya fara. Wani Bature ɗan Ostiriya, Paul Eisler, shi ya yi shi a Ingila wajen 1936, fuska ɗaya. Mu da muka buɗe rediyoyi da talbijin na da, mafi yawansu fuska ɗaya ne da jamfa birjik a sama, kuma suna nan suna magana har yau a wasu zauruka.

In dai hawa huɗu kuke so don ku gani da idonku, akwai hanyar talaka. Ka sami allo biyu sirara, milimita 0.8 ko ƙasa, kowanne mai fuska biyu. Ka gama kowanne daban, da ramukansa da wayoyin da ke haɗa samansa da ƙasansa, ka goge kan dalmar ta kwanta. Ka auna kowanne har ka gamsu. Inda kake son allon sama ya haɗu da na ƙasa, tun kafin ka manna, ka dasa 'yar waya a tsaye a kan na ƙasa, ka yi wa na sama ramin da za ta leƙo. Sai ka sa fallen da ba ya ɗaukar wuta a tsakani, ka shafa Araldite mai jinkirin kamawa, ba na minti biyar ba, ka zura wayoyin, ka danne tsakanin gilashi biyu masu kauri ya kwana. Da safe ka yi sodarin kawunan wayoyin a sama. Ba fomalin, ba jak.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Baba, to yaya za a yi su dace da juna? Ni ko fuska biyun nan sai da na sha wuya kafin ramuka su faɗa a kan juna.

Baba Mai Rediyo: Ramuka a kusurwa, a wajen zanen. Ka ɗora allunan ka huda su tare lokaci ɗaya tun ba ka zana komai ba. Ka sami katako ka kafa karyayyun bakin diril a ciki, masu kaurin ramin daidai, su zama turaku. Takardar zane, allo, komai a kan turakun nan zai zauna. Uku ka sa, ba huɗu ba, kuma kada tazararsu ta zama ɗaya, don kada wata rana ka kifa allo a juye ba ka sani ba. Sannan ka bar dutsen guga. Takarda tana canza girma da zafi, santimita goma sai ta goce maka da abin da zai ɓata rami. Ka koma fim mai shan haske.

Malama Mai Lab: Baba ya yi gaskiya, kuma fitilar da ake saya don wannan fim ɗin mu Allah ya ba mu ita kyauta, ranar Katsina ta isa. Ka dai yi gwaji da ɗan yanki, ka riƙa buɗe shi kaɗan-kaɗan don ka san daƙiƙa nawa yake so, domin ranar hantsi daban, ta ƙurar hunturu daban. Ruwan wanke shi sodiyam kabonet ne, giram 10 a lita ɗaya.

Oga Mai Fanel: Malama, ba shi ne ke cikin kanwa ba? A aiki yaro kasuwa kawai.

Malama Mai Lab: Akwai shi a ciki, tare da gishiri da ƙasa da abin da ba ka sani ba, kuma ta wannan mai talla ba ɗaya take da ta wancan ba. In ba a samu na kirki ba, a sayi bekin soda a gasa a oben mai zafi, zai koma kabonet. A bar kanwa ga masu tuwo da ɗanwake.

Tunda ina nan: ruwan ferik da aka gama amfani da shi kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya. Jan ƙarfen da ya narke a ciki guba ne ga kifi da shuka. A tara a jarka mai murfi a rubuta mata suna. Ba a gorar ruwa ko ta lemo ba, don Allah. Ƙurar huda allon kuma gilashi ce, a sa takunkumi.

Injiniyan Sola: Hanyar Baba zan iya rantsuwa za ta kawo wuta. Amma a tambayi kai me aka samu. Dalilin hawa huɗu shi ne giraun ya zauna daf da layin sigina, tazarar wajen kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita, kuma tazarar ta zama ɗaya ko'ina. Da haka ake samun ma'aunin da layin sigina ke buƙata, om 50 na eriya da om 90 na USB. A allon Baba tazarar ta yi nisa, kaurin gam kuma ya danganta da nauyin abin da ka danne da shi. Sannan kowace waya da ta leƙo sama tudu ce, ba za ka ɗora cif a kanta ba. Cif ɗin da ya tilasta maka hawa huɗu, mai ƙwallayen dalma a ƙarƙashi, shi ne kuma ba zai zauna a kan wannan ba.

Baba Mai Rediyo: Ban ce zai ɗauki cif ɗinka ba, ɗana. Cewa na yi yaro zai ga cikin abin da hannunsa.

Badauri: Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, Injiniya. Wanda ya taɓa fama da turakun nan, in ya zauna gaban KiCad, manhajar zana bod, ya san dalilin da ya sa ake barin zobe mai faɗi a bakin rami. Wanda bai taɓa ba, lamba kawai yake cikewa.

Injiniyan Sola: Ban musa ba. Amma a raba koyo da kayan da za a ba mutum ya biya kuɗi.

Ɗan Jibiya: Ni ba injiniya ba ne, kaya nake shigowa da su. Abin da na sani, a JLCPCB ko PCBWay, kamfanonin China masu ƙera bod, kuɗin allon ba shi ne mai zafi ba in ƙarami ne, kuɗin jirgi da canjin dala su ne. Guda biyar ne mafi ƙarancin oda, mutum ɗaya kuma ɗaya ko biyu yake so. Da za ku riƙa haɗuwa, kowa ya kawo fayil ɗin Gerber nasa, wato zanen bod ɗinsa, a tura lokaci ɗaya, a raba kuɗin jirgin, da abin ya zo da sauƙi. In ya sauka Kano motar Katsina ba ta yankewa.

Badauri: Ka ga mun koma inda na ce. Jirgi.

Ɗan Jibiya: Shi firifireg ɗin da fim ɗin da bakin diril ɗin a Kusugu za ka ɗebo su? Su ma jirgi ne.

Badauri: Ka ci wannan. Amma ba zan fasa ba. Ni shawarata a fara da rami a fuska biyu. In mun iya lulluɓe rami da jan ƙarfe har ya jure, wannan kaɗai ya isa sana'a, don masu inbata da kwantirola ta sola ba hawa suke nema ba, jan ƙarfe mai kauri da rami mai kyau suke nema. Malama, in na haɗa bahon roba da wutar da ake iya saitawa, za ki duba mana ruwan?

Malama Mai Lab: Zan duba, da sharaɗi. A fili za a yi, da tabarau da safar hannu, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Kuma ba zan yarda da ƙarar mita ba. Za a yi allo mai ramuka 100 a jere kamar sarƙa, a auna, a tsoma shi a narkakkiyar dalma, a bari ya huce, a sake aunawa. Sannan a yanka ramuka biyu ko uku a tsaye, a goge, Oga ya duba mana bangon da madubinsa na gyaran waya.

Oga Mai Fanel: Madubi na nan. Amma ranar Juma'a bayan masallaci, sauran ranaku shago ba ya barina.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Yaya Injiniya, an kawo wuta na gwada. Na sa 1000 ɗin a gindinsa na shimfiɗa waya a kan layin. Saƙo yana tafiya, bai mutu ba. Amma yanzu in famfon ya tashi lambobin firikwensin ruwa, wato abin da ke auna ruwan, sai su riƙa tsalle.

Injiniyan Sola: Wayar firikwensin tare ka ɗaure ta da ta famfo?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: E, a bututu ɗaya suke.

Injiniyan Sola: Raba su. Ka murɗa ta firikwensin da giraun ɗinta su tafi tare, ka turo mini hoton bayan bod ɗin in ga yadda ka yanyanka shi.

Badauri: Ɗalibi, in ka gama difens kada ka ɓace. Ina buƙatar mai riƙe mini allo ranar Juma'a. Wa ke da bakin diril 0.8 na kabayid da zai ara mana?